Mantuwar dattijo mai ciwon suga: a daina cewa tsufa ne kawai

A gidajenmu da yawa, da zarar dattijo ya fara maimaita tambaya ɗaya sau uku tsakanin hantsi da azahar, ko ya tsaya a kan sallaya ya rasa raka'a nawa ya yi, an riga an yanke hukunci: gigin tsufa ne, sai haƙuri. Haƙuri da iyaye wajibi ne, babu mai ja. Amma idan dattijon nan yana da ciwon suga, tsayawa a kan haƙuri kaɗai ganganci ne, domin cikin abubuwan da ke kawo masa mantuwar akwai waɗanda ake gyarawa cikin mako guda, akwai kuma waɗanda ke iya yin ajalinsa cikin dare guda. Matsayina shi ne, ƙwaƙwalwa tana cikin gaɓoɓin da ciwon suga ke ci, kamar ido da ƙoda da ƙafa, don haka a riƙa duba ta yadda ake duba su. Kuma ranar da aka ga ta fara rauni, ranar ce ta sauƙaƙa magani da sassauta ma'aunin da ake nema, ba ranar ƙara matsa wa suga lamba ba.

Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, amma tana cinye kusan kashi 20 na makamashin da jiki ke ƙonawa, kuma kusan duk abincinta suga ne, wajen giram 120 a yini. Ba ta da rumbu. Abin da jini ya kawo mata yanzu, shi take ci yanzu. Shi ya sa take cutuwa ta fuska biyu, idan suga ya yi yawa da kuma idan ya yi ƙasa.

Idan suga ya daɗe a sama shekara da shekaru, yana kaurara bangon ƙananan jijiyoyin jini, ya ƙuntata su, irin ɓarnar da yake yi a bayan ido da cikin ƙoda. Wasu jijiyoyin sukan toshe ba tare da baki ya karkace ko hannu ya mutu ba, sai dai kowace toshewa tana barin ɗan tabo a ƙwaƙwalwa, tabon kuma yana taruwa. Idan hawan jini ya haɗu da suga, kamar yadda yake ga akasarin dattawan, ɓarnar tana ninkuwa. Abin da ake fara gani ba lallai ba ne manta sunayen jikoki. Tunani ne ke yin nauyi. Tsohon ɗan kasuwa da ke lissafin buhuna da ka sai ya tsaya yana juya canjin naira dubu. Hajiyar da ta shekara hamsin tana girki sai ta sa gishiri sau biyu, ko ta bar tukunya a wuta ta shiga ɗaki.

Wannan ba zato ba ne. Binciken da aka yi a kan dattawan birnin Rotadam na ƙasar Holan, wanda aka wallafa a 1999, ya nuna ciwon suga yana kusan ninka haɗarin gigin tsufa. A 2013 wani binciken daga Siyatil ta Amurka, mai mutum sama da 2,000, ya gano cewa a cikin masu ciwon, wanda matsakaicin sugansa ke kan 190 a na'urar awon suga ya fi wanda nasa ke kan 160 haɗari da kashi 40 cikin 100. A 2021 kuma binciken ma'aikatan gwamnatin Birtaniya ya ƙara da cewa gwargwadon yadda ciwon ya kama mutum da wuri, gwargwadon haɗarin da ke jiransa a tsufa. Mu ma muna da abin dubawa a gida. Tun 1992 masana suka riƙa bin dattawan Ibadan suna kwatanta su da baƙaƙen fata na birnin Indiyanafolis na Amurka, suka ga gigin tsufa ya fi ƙaranci sosai a Ibadan, inda suga da hawan jini da kitsen jini su ma suka fi ƙaranci a lokacin. Wannan rata ba gado ba ce da za mu dogara da ita. Abincin birane ya sauya, zama wuri ɗaya ya ƙaru, masu shekara 45 da ke karɓar maganin suga a Kano da Sakkwato da Maraɗi yau su ne dattawan 2045.

Akwai kuma ruɗewar da yawan suga ke kawowa nan take, wadda ta bambanta da waccan. Idan suga ya haura 180, ƙoda takan fara zubar da shi cikin fitsari, shi kuma yana jan ruwa. Matashi zai ji ƙishirwa ya sha. Dattijo ƙishirwarsa ta dusashe, ga tashin dare sau huɗu sau biyar ya hana shi barci, wani ma da gangan yake rage shan ruwa don gudun yawan kama ruwa da sake alwala. A zafin watan Afrilu, lokacin da ma'auni ke wuce 40 a Maiduguri da Sakkwato, kwana kaɗan ya isa jiki ya bushe. In aka ƙara masa da lemon kwalba ko fura mai suga don ya ji sanyi, sai suga ya tafi 600 ko fiye, jini ya yi kauri, mutum ya fara sambatu, ya yi ta barci, daga nan ya suma. Wannan yanayi yana kisa, kuma a asibiti kaɗai ake magance shi, da ƙarin ruwa da insulin, sinadarin da ke sauke suga a jini.

Saboda haka ga ƙa'idar da nake so kowane gida ya riƙe. Gigin tsufa na gaskiya a hankali yake zuwa, cikin watanni da shekaru. Ruɗewar da ta zo cikin sa'o'i ko kwana biyu, wadda take lafawa da safe ta tsananta da dare, ba tsufa ba ce, ciwo ne na gaggawa. A soka yatsa a auna suga kafin komai. Bayan haka a nemi zazzaɓi, ciwon mafitsara, tari mai tsanani, gyambon da ke ɓoye tsakanin yatsun ƙafa, ko alamar shanyewar ɓarin jiki. Addu'a da tofi suna da wurinsu, kuma ba sa hana a auna suga. Minti ɗaya ne aikin.

Inda nake da ja da yadda ake yi a yanzu shi ne ɓangaren faɗuwar suga, domin nan ne kyakkyawar niyya ke cutarwa. Mai hankali zai ce tunda yawan suga ke lalata ƙwaƙwalwa, to a danne shi iya dannewa. An gwada. A babban gwajin nan na Amurka da Kanada mai suna ACCORD, an raba masu ciwon gida biyu: wasu aka nemi ma'aunin HbA1c nasu, wato gwajin jinin da ke nuna matsakaicin suga na wata biyu zuwa uku, ya sauka ƙasa da 6, wasu aka bar shi tsakanin 7 da 7.9. A watan Fabrairun 2008 aka dakatar da ɓangaren matsawar, saboda mutuwa ta fi yawa a cikinsa. Da aka auna ƙwaƙwalwar kusan mutum 3,000 daga cikinsu bayan wata 40, waɗanda aka matsa wa ba su fi sauran kaifin tunani ba. A 2009 kuma wani bincike a Kalifoniya, mai dattawa sama da 16,000, ya nuna cewa faɗuwar suga mai tsanani sau ɗaya, irin wadda ke kai mutum asibiti, tana tafiya da ƙarin haɗarin gigin tsufa na kashi 26 cikin 100. Sau biyu, kashi 80. Sau uku ko fiye, kusan ninki.

Yanzu a dubi ƙwayar da ta fi yawo a hannun dattawanmu. Glibenclamide ce, wadda aka fi sani da Daonil. Tana da arha, kowane kemis yana da ita, kuma tana sauke suga da ƙarfi. Aikinta shi ne ta tilasta wa jiki fitar da insulin, ko an ci abinci ko ba a ci ba, kuma tana daɗewa a jiki, musamman idan ƙoda ta yi rauni, abin da shekaru da ciwon kansa ke jawowa. Tun 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wata ƙwayar suga mai suna gliclazide a madadinta cikin jerin muhimman magunguna, ta rubuta ƙarara cewa glibenclamide ba ta dace da wanda ya haura shekara 60 ba. Ƙungiyar likitocin tsofaffi ta Amurka ma ta daɗe da sa ta cikin magungunan da ake guje wa ba dattawa. Duk da haka, a nan ana rubuta wa mai shekara 55 ita, ya ci gaba da saye da tsohuwar takarda ko kwalin da ya ƙare har ya kai 75, babu wanda ya sake auna ƙodarsa.

Ga yadda abin ke faruwa. Baba ya dawo daga masallacin asuba, ya zaro ƙwaya daga aljihun riga ya haɗiya. Koko bai iso ba sai ƙarfe tara, da ya iso ma ya kurɓi kaɗan ya ture kwanon, bakinsa babu daɗi. Wajen goma ya ga kwalin maganin a kan tabarma, bai tuna ya sha ba, ya ƙara ɗaya. Kafin azahar ya fara faɗa ba dalili, yana kiran jikarsa da sunan ƙanwarsa da ta rasu, yana tangaɗi. Gumi da rawar jiki da bugun zuciya, waɗanda ke faɗakar da matashi, a jikin dattijo sau da yawa ba sa zuwa, ballantana rawar jiki da bugun zuciya idan yana shan atenolol ko propranolol na hawan jini. Mutanen gida suka ce yau gigin ya motsa, a kwantar da shi ya huta. Barcin nan shi ne haɗarin. Idan ya tashi, ya tashi da ƙwaƙwalwar da ta ƙara rauni, gobe kuma ya fi yau saurin maimaita ƙwaya. Mantuwa tana kawo faɗuwar suga, faɗuwar suga tana ƙara mantuwa.

Abin yi a irin wannan lokaci ba shi da wuya. Duk awon da ya gaza 70 faɗuwa ce, ƙasa da 54 kuwa haɗari ne. Idan yana iya haɗiya, a ba shi giram 15 na suga mai saurin shiga jini: ƙaramin cokali uku na suga a cikin ruwa, ko babban cokali ɗaya na zuma, ko rabin kofi na lemon kwalba mai suga. A jira minti 15 a sake aunawa, in bai kai 70 ba a maimaita. Da ya farfaɗo a bi shi da abinci mai riƙe ciki, tuwo ko burodi ko ɗanwake. Idan babu na'ura a gida kuma ana shakka, a ba da sugan, domin cokali uku ba zai kashe wanda nasa ya hau ba, amma zai ceci wanda nasa ya faɗi. Idan ya suma, kada a ɗura masa komai a baki, zai shaƙe. A kwantar da shi ta gefe, a kai shi inda za a sa masa ruwan suga ta jijiya. Wanda glibenclamide ta kayar kuwa bai kamata a sallame shi don ya buɗe ido ba, saboda ƙwayar tana iya sake kayar da shi cikin kwana ɗaya zuwa biyu.

To wane ma'auni ya dace? Ƙungiyar masu kula da ciwon suga ta Amurka ta raba dattawa gida uku. Mai ƙarfi, mai cikakken hankali, a nemi HbA1c ƙasa da 7 zuwa 7.5, awon safe kafin cin abinci 80 zuwa 130. Wanda ke da cututtuka da dama ko mantuwarsa ta fara bayyana, ƙasa da 8 ya wadatar, awon safe 90 zuwa 150. Wanda gigin ya yi nisa, a bar bin HbA1c, a tsare shi daga faɗuwa da kuma hawan da ke kawo ƙishirwa da yawan fitsari, awon safe 100 zuwa 180. Kenan idan Inna mai shekara 78 da ke manta ko ta ci abinci ta wayi gari da 85, wannan ba abin barka ba ne, alama ce ta a rage magani. A kula da ma'aunin da na'ura ke amfani da shi. Wasu suna nuna 7.0 maimakon 126, sai a ninka da 18. A Nijar takardar gwaji takan zo da giram a lita, inda 1.26 ke nufin 126. Shi kansa HbA1c yana yin ƙarya ga mai ƙarancin jini, mai sikila, ko wanda aka yi wa ƙarin jini kwanan nan, kuma waɗannan ba baƙi ba ne a wurinmu.

Metformin, wata ƙwayar ciwon suga da aka saba bayarwa, ba ta cika kayar da suga ba idan ita kaɗai ce, shi ya sa ta fi dacewa da dattijo muddin ƙodarsa na aiki. Idan awon tacewar ƙoda ya sauka ƙasa da 45 a rage ta, ƙasa da 30 a daina. Amma tana da wata illa da ake yawan tsallakewa: shan ta na shekaru yana rage bitamin B12. Ƙarancinsa yana kawo mantuwa, dindiris a tafin ƙafa, da rashin daidaito wajen tafiya, wato ainihin abubuwan da za a ɗora wa suga ko tsufa. Dattijon da haƙoransa suka zube, nama ya gagare shi ko ya gagari aljihunsa, shi ya fi shiga wannan hali. Gwajin jini ɗaya ke nuna shi, allura ko ƙwaya ke gyara shi, idan ba a makara ba.

Sai ledar magunguna. Duk wanda zai raka dattijo asibiti ya kwashi komai, har da na kemis da na gargajiya, ya zube a gaban likita. Haɗin ciwon gwiwa da ake ƙullawa a kemis sau da yawa da dexamethasone ko prednisolone a ciki, su kuwa suna harba suga sama. Kwinin na zazzaɓin cizon sauro yana kayar da shi. Septrin yana ƙara wa glibenclamide ƙarfi. Amitriptyline da ake bayarwa don zafin ƙafa, da Piriton, da Valium na barci, kowannensu yana iya ruɗa tsoho shi kaɗai. Jiƙe-jiƙen da ba a san ƙarfinsu ba, idan aka haɗa su da ƙwaya, babu mai iya cewa ina suga zai tsaya.

Za a ce asibitocinmu sun cika, likita ɗaya ga layin da ba ya ƙarewa, ina lokacin gwajin ƙwaƙwalwa? Uzurin yana da gaskiya a ciki, amma bai isa ba. Shawarar masana ita ce a gwada duk mai ciwon suga da ya kai 65 a zuwansa na farko, sannan sau ɗaya a shekara, kuma gwajin farko bai wuce minti biyar ba. Ma'aikaciyar jinya ko jami'in lafiya na karkara zai iya, a daidai lokacin da ake auna hawan jini. A faɗa masa kalmomi uku, a ce ya riƙe. A ce ya lissafo dabbobin da ya sani cikin minti ɗaya. A tambaye shi wace rana ce, wace salla aka yi ta ƙarshe, sannan a nemi kalmomin nan uku. Gwajin zana agogo da ake yi a Turai bai dace da wanda bai taɓa riƙe biro ba, shi ya sa masu binciken Ibadan suka ƙirƙiro na tsinken ashana huɗu: a jera su cikin wata siffa, a ce ya kwaikwaya. Mafi amfani duka shi ne tambayar wanda ke zaune da shi, ba a gabansa ba, ko yana maimaita magani, ko ya taɓa ɓata a hanyar da ya sani. A duba ji da gani, domin wanda bai ji ba ba zai tuna ba. A kuma lura da baƙin ciki, musamman bayan rasuwar abokin zama, don shi ma yana kama da mantuwa.

Idan aka tabbatar tunani ya raunana, magani ya bar aljihun Baba. Mutum ɗaya tak ya riƙe shi, ba wannan ya ba da safe wancan ya ƙara da hantsi ba, matsalar da ta fi faruwa a babban gida inda kowa ke son samun lada. Ba a ba da ƙwaya sai abinci yana gabansa kuma ya fara ci. A ware na kowace rana a akwatin mako mai gida bakwai, ko ƙananan leda bakwai, a yi alama a kalanda. Yadda ake karɓar maganin ma yana da muhimmanci, domin dattijo ba ya son a mai da shi yaro. "Baba, likita ya ce in riƙa kawo muku tare da karin kumallo" ya fi "kun fiye mantuwa" shiga. A roƙi likita ya mai da tsarin sau ɗaya ko biyu a yini. Mai allurar insulin kada a bar shi ya zuƙa da kansa idan idonsa ko tunaninsa ya yi rauni, kuma a tabbatar lambar da ke jikin kwalba ta yi daidai da ta sirinji: insulin mai lamba 100 a sirinji mai lamba 40 yana nufin an ba shi ninki biyu da rabi. A daina hana shi abinci da sunan kiyayewa har ya rame. Tuwo daidai misali da miyar ganye mai yawa, wake, ƙwai, kifi, a kan lokaci sau uku, ya fi alkama da acca da yake turewa.

Azumi yana buƙatar magana ta gaskiya. Dattawanmu suna riƙe da Litinin da Alhamis da Sitta Shawwal, ba Ramadan kaɗai ba, kuma mai mantuwa yakan sha ƙwayar safe sannan ya tuna ya ɗauki niyya. Jagororin likitoci kan ciwon suga da Ramadan sun sa raunin tunani cikin abubuwan da ke ɗaga haɗari, sun kuma ce a karya azumi idan awo ya gaza 70 ko ya haura 300. Shari'a ta riga ta yi rangwame ga mara lafiya da tsohon da ba ya iyawa, ta buɗe ƙofar ciyarwa. Sau da yawa dattijo ba zai karɓi wannan daga bakin ɗansa ba, amma zai karɓa daga limamin unguwa, don haka a je da malamin cikin maganar tun watan Sha'aban.

Nauyin da ya rage na hukuma ne. Cibiyar kula da lafiyar tsofaffi ta farko a Najeriya sai a 2012 aka buɗe ta, a asibitin koyarwa na Ibadan, kuma ba za a jira kowace jiha ta gina irinta ba kafin a motsa. Hukumomin sayen magunguna na jihohi za su iya sa gliclazide a madadin glibenclamide a kantunan asibitocin gwamnati. Masu kemis za su iya tambayar shekarun mai shan ƙwayar kafin su miƙa. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta yi tanadin asusu don masu rauni, tsofaffi na ciki, kuma abin da ya kamata asusun ya fara biya wa dattijo mai suga shi ne tsinken gwajin suga da awon ƙoda sau ɗaya a shekara. A katin asibitin kowane mai ciwon suga da ya kai 65 kuma, a ƙara layi biyu kusa da na hawan jini da nauyi: sakamakon gwajin tunani na bana, da sunan wanda ke riƙe masa magani a gida.